Yadda muke auna juriyar hanyar samo sassan mota

Malam, ka tambaya ko samun masu kawo kaya biyu ga kowane sashe ya isa a ce masana'anta ta tsira daga yankewar kaya. A ganina bai isa ba, kuma ina faɗin haka ne bisa abin da na gani a sashen sayen kaya na wata masana'antar sassan mota.

Mu da kwanaki muke aunawa. Idan wani sashe ya daina zuwa yau, kwana nawa za mu ci gaba da aiki da abin da ke sito da wanda ke kan hanya? Sannan kwana nawa mai kawo shi zai ɗauka kafin ya farfaɗo, ko kafin wani ya maye gurbinsa? Duk inda kwanakin farfaɗowa suka zarce na jimrewa, to nan ne gizo ke saƙar. Farfesa David Simchi-Levi na jami'ar MIT ya gwada wannan lissafi da kamfanin Ford, aka tarar cewa babban haɗari yakan ɓuya ne a ƙananan kaya masu arha, waɗanda ba wanda yake sa musu ido saboda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Matsalar masu kawo kaya biyu ita ce sau da yawa dukansu a wuri ɗaya suke saye. Bayan girgizar ƙasar Japan ta Maris 2011, masana'antar Merck da ke Onahama, wadda ita kaɗai take yin sinadarin fenti mai ƙyalli na Xirallic, ta tsaya, har Ford ya dakatar da karɓar odar wasu launuka. Daga wannan bala'i ne Toyota ta tashi haiƙan tana bin diddigin masu kawo wa masu kawo mata kaya.

Saboda haka kada ka wadatu da amsar da mai kawo kaya ya cika maka a takarda. Ka je da kanka ka ga inda ya ajiye ƙarfen da ake zuba roba a ciki don a fitar da siffar sashen, ka tambaya ko yana da na biyu, domin ƙera sabo da gwada samfurinsa har kamfanin da ke ƙera motar ya amince yakan ci watanni. Waɗannan watannin su ne za ka rubuta a matsayin lokacin farfaɗowa, ko da mai kawo kayan ya rantse maka cewa mako biyu ya ishe shi.