Ina kuɗin ƙungiyoyin ƙwallo suke tafiya?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai suna tafka asara, amma kowace kaka sai in ga sun sayi ɗan wasa da maƙudan kuɗi. Yaya hakan yake yiwuwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ƙungiya tana samun kuɗi ne daga haƙƙin nuna wasa a talabijin, da tallace-tallace, da tikitin shiga fili, amma albashin 'yan wasa ne yake lamushe mafi yawansu. A watan Agustan 2021 shugaban Barcelona, Joan Laporta, ya bayyana cewa bashin ƙungiyar ya kai Yuro biliyan 1.35, kuma albashi ya zarce kuɗin shiga. A watan ne Lionel Messi ya tafi PSG. A Ingila kuwa, dokar Firimiya ta wancan lokacin ta taƙaita asarar ƙungiya ga fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma saboda karya ta aka zabtare wa Everton maki 10 a Nuwamban 2023, daga baya aka rage zuwa 6.

Inda gizo yake saƙar shi ne yadda ake rubuta cinikin ɗan wasa. Idan aka saye shi fam miliyan 100 a kan kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta kuɗin gaba ɗaya. Fam miliyan 20 ake sawa a lissafin kowace shekara. Da wannan dabara Chelsea ta ɗauko Enzo Fernández daga Benfica a Janairun 2023 a kan kwantiragin shekara takwas da rabi, domin nauyin kowace shekara ya ragu, har hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta ga abin ya yi yawa, ta ƙayyade rabon ga shekara biyar.

Sayarwa kuma akasin haka ce, domin ribarta nan take take shiga lissafi. Yaron da ƙungiya ta rena tun yana ƙarami ba sayensa aka yi ba, saboda haka kusan duk kuɗinsa riba ce. Wannan, a ganina, shi ne abin takaici a tsarin, domin yaran da magoya baya suka ga tasowarsu su ne suka fi sauƙin cike giɓin lissafi. Chelsea ta sayar da Mason Mount ga Manchester United a 2023, ta kuma sayar da Conor Gallagher ga Atletico Madrid a 2024, kuma dukansu a makarantar ƙungiyar suka koyi ƙwallo.