Ga 'yar'uwar da ke cin nama da ƙwai amma tana ta ramewa

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce ba ki rasa nama da ƙwai da wake, amma kullum ramewa kike, ciki a kumbure, har an ba ki shawarar shan ɗanyen ƙwai da madara. Wallahi kamar ni kika rubuta wa tarihi.

Don Allah ki ajiye ɗanyen ƙwan nan. An gwada a jikin mutane, an ga dafaffen ƙwai jiki na ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗinsa, wato sinadarin da ke gina jiki, ɗanye kuwa kusan rabi ne kawai, ga haɗarin ƙwayoyin cuta. Ni wani mai kemis ne ya ɗora ni a kansa, yana haɗa mini da maganin olsa wata bayan wata, bai taɓa cewa in je a gwada ni ba. Ina ramewa yana karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai ma dangin miji ne. A gidan suna wata ta dube ni gaban mutane ta ce, "Wance, anya ba a je an auna jininki ba kuwa?" Kowa ya gane abin da take nufi. Na shiga ɗaki na yi kuka har jaririn mutane ya farka. Matar da nake kai wa abinci lokacin da ta haihu! Har yau in na gan ta gabana faɗuwa yake.

Da na je asibiti likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Furotin kamar carbi yake, ƙwayoyinsa su ne amino asid, iri 20, kuma 9 daga ciki dole sai daga abinci. Hanji ba ya ɗaukarsa a ɗinke. A tumbi ruwan asid ke warware shi, wani sinadari mai suna fefsin ya fara yanka. Amma babban aikin a ƙaramin hanji ake yi: fankiriyas, wata gaɓa a bayan tumbi, ke zubo tirifsin da 'yan'uwansa su daddatsa shi, bangon hanji ya ƙarasa ya tsotse, jini ya kai hanta. Nawa fankiriyas ɗin ne ya yi rauni. Abincin wucewa kawai yake yi.

Ki duba bayan gidanki, kar ki ji kunya. Idan yana da maiƙo, yana yawo a saman ruwa, ga wari fiye da kima, ki faɗa wa likita haka ɓaro-ɓaro. Akwai gwajin bayan gida da ke nuna ko fankiriyas na aiki. Ni kafso aka ba ni da nake haɗiya tare da abinci, a hankali jikina ya dawo. Naki zai iya zama tsutsar ciki ko ciwon suga ko wani abu daban, shi ya sa nake roƙonki kar ki sayi nawa maganin.

Wake kuma kar ki bar shi. Iskar da yake sawa ba daga furotin ba ce, wani nau'in suga ne a cikinsa da ƙwayoyin babban hanji ke ruɓarwa. Ki jiƙa, ki zubar da ruwan, ki dafa ya yi luguf. Waken suya musamman, ɗanyensa na da abin da ke hana tirifsin aiki, wuta ce ke kashe shi, don haka madarar awara ta tafasa sosai. Ki riƙa tauna nama da kyau, ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Kuma in maigida zai yarda, ya raka ki asibitin ya ji da kunnensa, don shi zai iya rufe bakin danginsa. Kina shayarwa ne? Ba ki faɗa ba, kuma likita za ta tambaya.