Tambayoyin Masu Karatu: Ruwan Sama Na Shiga Tankin Tsohuwar Motata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma bara na sayi tsohuwar mota mai ɗakin kwana da kicin a ciki, ƙirar GMC ta 1976. Bakin tankinta yana cikin wani ɗan lungu a jikin motar, kuma duk lokacin da aka yi ruwan sama nakan tarar da ruwa ya kwanta a kewayen murfin. Kwanan nan injin ya fara shaƙewa yana mutuwa a hanya. Shin in liƙe wurin gaba ɗaya da gam?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka liƙe shi. Kamfanin General Motors ya ƙera waɗannan motoci ne daga 1973 zuwa 1978, saboda haka duk wata roba ta asali da ta rage a jikin taka ta kusa shekara 50, kuma a can nake zargin matsalar take.

Ka fara da lungun kansa. Irin wannan lungu yakan kasance da 'yar kafa ko gangare a ƙasansa domin ruwa ya tsiyaye, amma ƙura da busasshen ganye da tsohon fenti sukan toshe shi. Ka zura siririyar waya ka buɗe kafar, sannan ka zuba ruwa kofi guda, murfin yana rufe, ka ga ko zai fita nan take. Daga nan ka goge wurin ya bushe, ka kwance murfin, ka juya shi ka dubi zoben robar da ke cikinsa. Idan ka danna shi da farce ka ji ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ko ka ga ya tsattsage, to ya gama aiki. Wajen sayen sabo, ka nemi murfin da aka yi wa wannan mota takamaimai, domin tanki yana bukatar iska ta maye gurbin man da injin ya sha. Wasu motocin ta murfin suke shaƙar iskar, wasu kuma ta wani bututu dabam. Wannan ne ya sa na hana ka gam: tankin da aka toshe wa numfashi yakan hana mai isa inji, kuma gam ɗin silikon da aka saba da shi fetur yana lalata shi, gutsattsarinsa su faɗa ciki su toshe matatar mai.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tiyon robar da ya haɗa bakin tanki da tankunan da ke ƙarƙashi, waɗanda a wannan mota guda biyu ne, kowanne galan 25. Sai bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila ya bi shi, domin idan ya tsage, ruwan da tayoyi ke watsawa ma zai iya shiga.

Shaƙewar injin kuwa tana nuna mai yiwuwa ruwan ya riga ya sauka. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda famfon mai yake zuƙa, kuma a nan yake haifar da tsatsa. Akasarin fetur ɗin Amurka yana ɗauke da sinadarin etanol kashi 10 cikin 100, wanda yake haɗiye ruwa kaɗan, amma da zarar ruwan ya yi yawa sai su rabu da fetur su nutse tare. Ka sa a tsiyayo man a cikin farar kwalba, a ajiye ta minti goma. Idan akwai ruwa za ka ga layi ya raba su sarai. In haka ta faru, maganin da ake zubawa a tanki ba zai wadatar ba, sai an juye man, an canza matata, an wanke kafireto. A yi aikin a fili, nesa da wuta da taba, bayan an cire kan batir.

Idan za ka ajiye motar tsawon lokacin sanyi, ka bar tankunan kusan cike, domin iskar da ke cikin tankin da babu mai sosai tana yin raɓa a bangonsa idan gari ya yi sanyi. Kafin a gama gyaran kuma, ka riƙa ajiye tsumma kusa da kujerar direba, ka tsane lungun kafin ka buɗe murfi a gidan mai.