Amsa ga Alhaji kan kuɗin gyaran bakin teku

Salamu alaikum jama'a, barkanku da asuba. Alhaji, na saurari muryarka ta daren jiya, inda kake cewa gwamnatoci na ta zuba kuɗi a bakin teku, mu 'yan Maraɗi da ko gulbinmu ba ya shekara da ruwa ina ruwanmu. Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, akwai ruwanmu.

Shinkafar da ke shagonka ta ina ta shigo? Da ta Kwatano ce, tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 kuma aka koma Lome. Duka biyun teku na cin gaɓarsu. Lokacin ina bin manyan motoci na gani da idona gabas da tashar jiragen ruwan Kwatano: gida rabi a tsaye, rabi teku ya tafi da shi, ƙofa na reto ba ɗaki bayanta. Katangar tashar ce ke tare yashin da ruwa ke turowa daga yamma, sai gabas ta rasa mai cike mata.

Shi ya sa a 2018 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 210 a shirin WACA na kare gaɓar tekun Afirka ta Yamma, domin Benin, Togo, Sanagal, Kodibuwa, Muritaniya da Sawo Tome. Wani kason ma bashi ne, ba kyauta ba. Ana jera duwatsu, ana zuba yashi, ana dasa mangurob, itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Saiwoyinsa ke karya ƙarfin igiyar ruwa, a cikinsu kuma ƙananan kifaye ke girma.

To ni inda nake ɗan ja da masu shirin a nan ne. Mu fa mun ga dashen furoje, a ɗauki hoto, kafin damina ta zagayo awaki sun cinye. Mi ya maido mana da gawo a gonaki? Sassabin zamani, wanda ya faro nan Maraɗi wajen 1983. Ba dashe aka yi ba, kututture manomi ya bari ya toho, don ya san itacen nasa ne. Har aka kai hekta miliyan 5 a Nijar.

Duwatsu kam dole gwamnati ta saya, talaka ba ya iyawa. Amma mangurob, in ba a sa masunta da matan da ke ɗebo itacen yin bandar kifi a gaba ba, wallahi a murhu zai ƙare, Alhaji.