"Babu komai a ciki": kalmar da ta raba ni da janareto

Ka tambaye ni da safe ina tsakiyar aiki, na yi maka banza. Ka ce laftof ɗin nan HP da malamin makaranta ya kawo daga Mamobi, in an kunna ta sai ta nuna tambari, ta rubuta "Preparing Automatic Repair", ta yi ta juyi, ta mutu, ta sake tashi. Wai ko ka wanke ta, wato ka goge duk abin da ke ciki, ka zuba sabon Windows kawai, tunda mai ita ya ce babu komai a ciki. Zauna nan. Ajiye wayar nan tukuna, in ina magana ba a latsa waya. Wannan kalma ta "babu komai a ciki" ita ce ta sa na yi shiru, domin har gobe in na ji ta sai na ji ɗaci a maƙogwaro.

A shekarar 2015 ne, lokacin kai kana firamare. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ya kai maƙura, a ba mu wuta awa 12, a ɗauke awa 24. A layinmu na Circle a Accra, kusa da Tip Toe, wanda yake da janareto shi ne sarki, ni kuwa ina da shi. Da gumina na saya. Masu gyara da yawa sukan rufe shago su tafi gida, ni ina aiki har isha'i. Watanni kaɗan kafin ambaliyar nan da gobarar gidan mai ta 3 ga Yuni a nan Circle, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, sai ga wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai. A Nima yake zaune, masallacinmu ɗaya ranar Juma'a. Ya kawo Dell ta tebur mai Windows 7, allo baƙi ƙirin, rubutu layi guda: "BOOTMGR is missing". Na ce Alhaji, akwai abin da kake bukata a ciki? Ya ce babu, yara ne ke kallon fim. Na sake tambaya. Ya ce Masta, ni dai ta tashi, gobe da safe nake so. Sau uku na tambaye shi, Allah ne shaidata.

Na saka faifan Windows, na gyara wurin tashi, ta ƙi. Sai na sakar mata chkdsk /r, umarnin da ke bincike da gyaran hardis, wato ma'ajiyar kayan inji. Ga kuskurena na farko, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Hardis ɗin yana da ciwo, ya fara jan ƙafa, ni kuma na sa shi aikin da zai bi kowane lungu yana karantawa yana rubutawa. Kamar ka ɗauki mai zazzaɓi ka ɗora masa buhun masara ka ce ya zaga Kasuwar Mallam Atta. Awa biyar yana tafiya, mai ya ƙare a janareto, inji ya mutu aikin yana rabi. Da na sake kunnawa, yankin da Windows yake ya koma RAW, ba ya karantuwa. Na ce to ai mai ita ya ce babu komai. Na wanke, na zuba sabo, ya zo da safe ya biya ni sidi 40, har da sa albarka.

Kwana biyu sai ga shi da 'ya'yansa biyu a ƙofar shago, yana ɗaga murya mutane na taruwa. Wai littafin bashinsa na shekara uku yana ciki, a Excel, sunan kowane makanike da abin da Alhajin yake bin sa. Na ce Alhaji, ba kai ka ce babu komai ba? Ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa faɗa ba. Mutum mai furfura, da tasbaha a hannu. Yaron da nake koya wa aiki a lokacin ya ce ya ji da kunnensa, aka ce ai yaronka ne, abin da ka ce shi zai ce. Ba ni da takarda, ba ni da sa hannu. Kuskurena na biyu ke nan, kuma shi ya fi tsada.

Ya ce zai kai ni wurin 'yan sanda. Manya suka shiga, aka ce 'yan Zango ba sa kai juna ofis, a zauna. Aka zauna bayan la'asar. Ka san yadda sulhunmu yake in mai kuɗi da mai sana'ar hannu suka haɗu: kai ne ƙarami, kai ne za ka yi haƙuri. Aka yanke mini sidi 3,000. Ba ni da su. Na sayar da janareto, a tsakiyar dumsor, na cika da kuɗin adashin matata. Wata huɗu ina zaune a shago cikin zafi ina kallon kwastomomina suna wucewa shagon gaba. Ruwan Yuni ya zo ya ƙarasa abin da ya rage a ƙasan kanta.

Abin da ya fi ci mini rai yana gaba. Wajen ƙarshen shekarar, yaron shagon Alhajin ya kawo filas wurin maƙwabcina a cire masa bairos. Maƙwabcin ya kira ni ya ce zo ka gani. Littafin bashin nan ne, cif, da kwanan watan makon da aka kawo mini injin. Ashe yana da kwafi tun farko. Bai rasa ko fesuwa ɗaya ba. Na koma wurin manya da zancen, aka ce abin da ya wuce ya wuce, a bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba, kuma har yau in mun haɗu a sahu nakan canja wuri.

To kai ne yau kake ce mini a wanke saboda mai ita ya ce babu komai. Malamin makaranta? Makin ɗalibansa yana ina? Tambayoyin jarrabawa, hotunan suna, takardun neman aiki? Mutum ba ya sanin abin da ya ajiye sai ranar da ya rasa. Shi wannan malamin ba na zarginsa da komai, mutumin kirki ne. Amma doka a shagon nan ɗaya ce ga kowa.

Ba zan tsaya koya maka cire ram a goge a mayar ba, ko zare filas da aka manta a jiki, ko duba jerin abin da inji zai fara tashi da shi. Wanda ya yi wata guda a nan bai san wannan ba, ya koma sayar da katin waya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya a hardis ɗin mutum, ka san lafiyarsa. Kara kunnenka. In kana jin ƙas, ƙas, ƙas, kashe nan take, kowane kunnawa rage masa kwana yake. In shiru ne, ko kuwa SSD ne da ba shi da abin juyawa balle ya yi ƙara, ka tayar da injin da filas ɗin Ubuntu da ke cikin durowata, wani tsarin ne daban da Windows da ke iya tashi daga filas. Don zaɓar filas ɗin wajen tashi, a HP ana danna F9, a Dell F12. Ka zaɓi gwadawa, kada ka kuskura ka zaɓi girkawa. Ka duba rahoton SMART, wato bayanin lafiyar da hardis ke ajiyewa a kan kansa. In ya nuna wuraren da suka lalace suna da yawa, ba gyaran Windows ne a gabanka ba, ceton kaya ne. Sai ka kwafe hardis ɗin gaba ɗaya zuwa wani da manhajar ddrescue, domin shi yana fara kwashe wurare masu lafiya, ya tsallake masu ciwo sai daga baya, kuma yana ajiye tarihin inda ya tsaya. Ko an ɗauke wuta, daga nan zai ci gaba. Da na yi haka a 2015 da janaretona yana nan. In lafiyarsa ƙalau, duk da haka ka kwashe babban fayil ɗin Users zuwa hardis ɗin shago. Sannan a fara maganar gyara.

Akwai wani abu da yake kayar da yara irinku kullum. Injinan gwanjo da ake saukewa a Tema, da yawa ɗan batirin nan na cikin bod, CR2032, ya riga ya mutu. In ya mutu bayos, wato BIOS da ke fara tayar da inji kafin Windows, yana manta saitinsa, agogo ya koma baya, wani lokaci tsarin SATA, hanyar da inji ke magana da hardis, ya sauya daga AHCI zuwa wani. Windows ya tashi ya nemi hardis ta hanyar da ya saba, bai same shi ba, sai shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, ko ya faɗa wannan juyin da kake gani. Ba abin da ya lalace. Batir na 'yan sidi kaɗan da mayar da saiti, shi ke nan. Na ga masu shago a layin nan sun wanke injin mutum saboda wannan, har suna cika baki.

In wurin tashin ne ya lalace, ka fara sanin injin UEFI ne, wato sabon tsarin tashi, ko tsohon tsari. Ku 'yan yanzu kuna kallon bidiyon minti uku a YouTube, ku kwafi bootrec /fixmbr da /fixboot ku watsa wa kowane inji, in ya ce "Access is denied" sai ku tsaya kuna sosa ƙeya. Waɗannan na hardis mai tsohon tsarin MBR ne. Mai GPT, wanda UEFI ke aiki da shi, yana da ɗan ƙaramin yanki na FAT32, galibi megabait 100, can kayan tashi suke. Ka shiga diskpart, manhajar sarrafa yankunan hardis, ka ba yankin harafi, a ce S, ka fita, ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Amma ka tabbatar Windows ɗin a C yake, domin a wurin gyara haruffa suna canjawa, sau da yawa ya koma D. Kuma muddin kana cikin diskpart, yatsanka ya yi nesa da kalmar clean. Tana share tsarin yankunan hardis gaba ɗaya, kuma ba ta tambayar ko ka tabbata.

Sai BitLocker, makullin da Windows ke sa wa hardis, wanda a zamanin Alhajin bai dame mu ba. Yanzu laftof da yawa a kulle suke zuwa, mai ita ma bai sani ba. Ka taɓa bayos, sai ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita ta. In ta gwanjo ce kuma asusun na wani Bature ne a Jamus, ba ni ba, ba kai ba, ba wanda zai buɗe ta a duk faɗin Circle. Saboda haka ka tambayi mabuɗin tun kafin ka ɗauki sukundireba.

Ni shekara huɗu na yi ina share shagon maigidana kafin ya yarda na taɓa injin kwastoma ni kaɗai. Ku kuwa wata shida, kun fara lissafin buɗe naku, hankali rabi a aiki rabi a cacar ƙwallo. Wanke inji minti 40 ne, shi ya sa kuke son sa. Kai dai na ga kana tambaya kafin ka yi, don haka nake ɓata yawuna a kanka.

Tashi ka ɗauko baƙin littafin nan da ke ƙarƙashin kanta. Ka rubuta lambar jikin injin, da abin da yake nunawa, da cewa za mu kwashe kayansa kafin komai. Ka kira malamin ya biyo bayan an tashi makaranta ya sa hannu, ya zo da bayanin asusunsa na Microsoft. Kafin ya iso kada ka sake kunna ta da hardis ɗinta. Filas ɗin Ubuntu shi ne mai jan zare, ba shuɗin ba.