Amsa ga angon da ke son kai amarya Zanzibar ba tare da ajans ba

Wa alaikumus salam ƙanena ango, Allah ya sanya alheri ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na ga tambayarka, ka ce kana son ka ɗauki amarya ku je hutu Zanzibar, tsibiran nan na ƙasar Tanzaniya, ba ka son bi ta hannun ajans kana son ka tsara komai da kanka, kana tambaya ta ina ake farawa daga nan Damagaram, wane wata ya fi, kuma ina ya kamata ku sauka. Ni da maiɗakina mun je kuma da kaina na shirya tafiyar, to bari in faɗa maka abin da na gani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Na ga wasu 'yan uwa a sama suna cewa ka yi sauri ka sayi biyen jirgi tun yana da araha, biza kuma a filin jirgi ake bugawa. Don Allah kar ka sayi biye tukuna. Wannan magana ta biza a filin jirgi gaskiya ce ga Bature da wasu ƙasashe, amma mai fasfo ɗin Nijar ba ya ciki, mu da Najeriya da Mali da Cadi da wasu ƙasashe Tanzaniya ta sa mu cikin jerin waɗanda sai an tura takardunsu ga hukumar shige da fice ta duba ta amince tukun, kuma su da kansu suna gargaɗi kar mutum ya biya kuɗin jirgi kafin amsa ta fito. Ta intanet ake cikawa a shafin hukumarsu, da Turanci, za ka sa hoton fasfo da hotonka da inda za ka sauka, kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne ta Amurka kowane mutum, amsar kuma tana iya kai wata biyu. To ka ga wanda ya sayi biye na sati uku masu zuwa don ya ga araha, shi da kuɗinsa sai addu'a. Ka fara tun da saura wata uku, ka kama otel irin wanda ake iya sokewa ba a cire maka ko dala ba, akwai su da yawa a shafin kama otel na Booking, da wannan takarda za ka cika fom ɗin. Kuma ka duba fasfo ɗin amarya tun yau, in ba ta da shi ma to daga nan aikin zai fara, kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu.

Bayan biza akwai abu biyu da ake tambaya a bakin shiga. Na farko karne mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara, tunda ƙasarmu tana cikin yankin da cutar take, kuma allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin takardar ta fara aiki, ba abin da za a yi ana gobe tafiya ba ne. Na biyu asurans, tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙo ya sayi nata na kamfanin inshorar gwamnati, dala 44 kan kowane babba, ko da kana da wani asurans daga gida ba ya maye wannan. Lissafa ka gani, ku biyu biza da asurans dala 188 ke nan tun ba ku taka jirgi ba. In ka ji ana cewa gwamnatin Zanzibar kar abin ya ruɗe ka, cikin Tanzaniya take tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964 amma tana da shugabanta da majalisarta da dokokinta, shi ya sa ko daga Darussalam ka shigo ta jirgin ruwa sai an sake duba fasfo a tashar.

Hanya kuma biyu ce gare mu. Ko ka hau kar, wato bas, zuwa Yamai, kusan kilomita 900 ta Maraɗi da Ƙonni da Doso, yini guda cur, ka tashi daga filin jirgin Diori Hamani, ko ka sauka Kano wanda bai kai kilomita 250 ba daga nan. Ethiopian na zuwa duka biyun, a sauke ku Addis Ababa ku canza jirgi zuwa Zanzibar kai tsaye. Ka gwada farashin duka biyu, amma in ta Kano ne ka tabbata an buga muku hatimin fita da na shiga a iyaka, kar a yi irin shigar da muka saba ta zuwa kasuwa, don a filin jirgi za su nemi hatimin. Ko ta ina ne ku isa garin ana gobe tashi ku kwana, amarya ba za ta sauko daga kar ta faɗa jirgi da gajiya ba. Biyen jirgi shi ne zai ci kaso mafi girma na kuɗinka, in ka gama da shi sauran mai sauƙi ne.

Wata kuwa, ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwansu ke nan, ana iya wuni ana tsuga shi, wasu otel ma rufewa suke. Yuni zuwa Oktoba shi ne daidai, ba ruwa sosai ga iska mai sanyi, sai dai Yuli da Agusta Turawa na cika wurin farashi ya hau. Wajen Nuwamba akwai ɗan ƙaramin ruwa, Disamba zuwa Fabrairu kuma zafi ne mai gumi, kar ka ce ai mu 'yan Damagaram mun saba da zafi, namu busasshe ne, nasu riga na manne maka a jiki tun da hantsi. Ni da za ka bi tawa Satumba ko farkon Oktoba.

Yanzu ga inda nake son ka natsu, maganar inda za ku sauka, don nan ne mutane ke kallon hoto su biya kuɗi su je su tarar da wani abu daban. Tsibirin da ake zuwa sunansa Unguja, tsawonsa wajen kilomita 85, kuma tekun ba iri ɗaya yake ba ta kowane ɓangare. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kullum lokacin na matsawa da wajen minti 50, kuma ya fi ƙarfi a farkon wata da kuma daren sha huɗu sha biyar, wato da lissafin watan Musulunci ma za ka iya ganewa. A gabas, su Paje da Jambiani da Matemwe, in ya janye yana iya komawa nesa sosai har sai ka yi tafiya mai tsawo a kan farin yashi kafin ruwa ya kai maka gwiwa. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, bambancin kaɗan ne, ruwa na nan kusa ko da yaushe. To in burinku shi ne ku buɗe ƙofa ku ga shuɗin ruwa kamar na hoton da ka turo, arewa ce, amma ka sani can ne cunkoson Turawa da kiɗa da giya da shigar da ba za ka so ka zauna da iyalinka a cikinta ba, musamman Kendwa da dare.

Ni Jambiani ta fi kwanta mini, kuma ita nake ba ka shawara. Ƙauye ne na masunta, otel ƙanana, ga masallaci kana jin kiran salla daga ɗaki. Da safe in ruwa ya janye za ka ga mata sun fito da zannuwansu suna zaune cikin ruwa iya ƙugu, sun kafa 'yan turaku a jere sun ɗaura igiya, suna ɗaɗɗaura wata ciyawar teku da suke nomawa, wadda ta nuna su cika buhu su ɗauko a ka su shanya a ƙofar gida, da ita ake yin sabulu da man shafawa, wasu kuma a fitar ƙasashen waje. Maiɗakina ta je ta tsuguna wajensu, ba Hausa ba Faransanci, sallama kawai da hannu, suka koya mata ɗaurin, har yau in aka yi zancen tafiyar wannan take fara ambata. Kuma ga wanda bai iya ruwa ba, wanda yawancinmu ne, wannan ruwa marar zurfi rahama ne. Sai dai ku sa takalmin roba don akwai wata halitta baƙa mai ƙaya a ƙasa, in ta soki ƙafa hutun ya lalace, kuma in kun yi nisa ku riƙa waiwaye, in ruwa ya fara dawowa da sauri yake zuwa. Duk kwalekwalen da za ku shiga, zuwa ɗan tsibirin Mnemba kallon kifi ne ko zuwa ina ne, in ba rigar ceto kar ku shiga, ko me mai jirgin zai ce. Wannan ba na sassautawa a kai.

Kar ku wuce bakin teku kai tsaye, ku fara kwana biyu ko uku a tsohon gari, Stone Town, filin jirgin Abeid Amani Karume na kusa da shi. Lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, duk wanda ya taso yana yawo cikin Birnin Damagaram zai ji kamar ya san wurin, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Sarakunan Oman ne suka raya shi da cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi, kuma wurin kasuwar bayin da aka rufe a 1873 yana nan, an gina coci a kai, ana shiga a ga ɗakunan ƙasa da ake tsare mutane, ku je ku gani ko da zuciya za ta yi nauyi. Da yamma ku tafi Forodhani bakin ruwa, samari na ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku, ana magariba masu abinci su kunna fitilu, ga tsire ga ruwan rake da citta da lemun tsami ana matsewa a gabanka, ga wani romo mai tsami da dankali da suke ce wa urojo. Ka tambayi farashi kafin a zuba, kuma kifi ka zaɓi wanda za a gasa a gabanka ba wanda ya daɗe a tire ba. Tsarabar kanumfari da kirfa da masoro a kasuwar Darajani za ka saya, ba a shagunan Turawa ba. Ranar da za ku tafi gabas ku tsaya dajin Jozani, a kan hanya yake, ku ga jajayen biran da asalinsu na tsibirin ne.

Abinci da salla ba matsala, kusan kowa Musulmi ne, shinkafa da kwakwa, pilau, biriyani, kifi iri-iri, ka dai riƙo yajinka. Shafi'iyya ne yawancinsu, za ka ji liman na bayyana bisimilla, ka bi kawai. Alƙibla kuma arewa take a can ba gabas ba, kusan saitin Makka suke ta kudu, ka tambaya a otel tun ranar farko. Agogonsu na gaban namu da awa biyu, kuma in kuna sa lokaci da direba ku rubuta a waya ku nuna wa juna, don a lissafinsu na Suwahili ƙarfe bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya.

Kuɗi, sefa ba ta da amfani a can ko kaɗan. Ka canza tun daga gida zuwa yuro, wanda farashinsa a tsaye yake, wajen sefa 656 kowane yuro ɗaya, ko dala sababbi don tsofaffin bugu ana ƙin karɓa, in ka isa ka mayar shilin, kuɗin ƙasar, a gidan canji cikin gari, kuma ka cika aljihu kafin ka tafi ƙauye don injin cire kuɗi ba ko'ina yake ba. Ka tambayi otel a rubuce ko harajin kwana na cikin farashi, don akwai 'yan daloli da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare. Pus na waya ka saya a can da fasfo, Airtel ko Vodacom. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sharjarmu mai ƙafa biyu sai da adafta. Leda an hana ta a Tanzaniya tun 2019, kar amarya ta ƙunsa kaya a ciki. Faransanci ba zai kai ka ko'ina ba, ɗan Turanci da Google Translate sun isa.

Zirga-zirga akwai daladala, motar hayarsu mai arha, amma da akwatuna da amarya ka ɗauki taksi, ku gama ciniki kafin ku shiga, tsohon gari zuwa Jambiani awa ɗaya da 'yan mintuna. Hayar moto ban ba ka shawara ba, ta hagu suke tuƙi kuma sai da wata takardar izini tasu. Samarin da za su tare ka a bakin ruwa suna tallar yawon jirgi, ka gaishe su da mutunci amma kar ka ba kowa kuɗin gaba, ka bi ta otel ɗinka ko ka biya bayan an dawo da ku. Ku riƙe kwafin takardar aure, da maganin sauro, da duk maganin da ɗayanku ke sha.

In ka zo cika fom ɗin bizar Turancin ya tsaya maka, taɓo ni ta ciki mu haɗu bayan la'asar mu cika tare, ka zo da fasfo ɗinku duka biyu da hotuna a waya. A gaida amarya.