Ayyukan bayan fage da ya kamata a kashe a sabar

Ka tambayi waɗanne ayyukan bayan fage, wato manhajojin da ke gudana da kansu ba tare da ana ganin su ba, za ka kashe a sabar ɗinka ta Linux, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Ka kashe duk wanda aikinta bai dogara da shi ba, musamman masu buɗe ƙofa ga hanyar sadarwa, irin su CUPS na buga takardu da Avahi mai gano na'urorin da ke kan hanyar sadarwa, amma kada ka taɓa SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, ko mai daidaita agogo.

Abin da aiki ya koya mini shi ne a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, ana sake kunna injin ana dubawa, domin wani aikin yakan jingina da wani a ɓoye, kuma idan an kashe goma a tare, gano wanda ya haddasa matsalar yakan yi wuya ƙwarai.